Ƙafar Da Ta Ƙi Durƙusawa

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san ƙasusuwanmu tun ba a haɗa su ba. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Rifkatu. Da yawanku a nan Dutsin-Ma kun san ni da tafiyata, don kafin ku ga fuskata kun ji ƙarar ƙarfe a bakin ƙofar majami'a. Yara suna ce mini Kaka Mai Ƙarfe, kuma ba na jin haushi. Yau ina so in gaya muku yadda na samu ƙafar nan, da yadda Ubangiji ya bar mini gwiwar da take ɗaure a kai.

A gida Kande ake kirana. Mu Maguzawa ne, daga wani ɗan ƙauye a bayan Wurma, ƙasar Kurfi. An yi mini aure tun Turawa suna mulki, da saurayin da zuciyata ta zaɓa ranar da na fara ganinsa a gayya, yana gaban kowa da garma a hannu, gumi yana sheƙi a bayansa kamar an shafa masa man gyaɗa. Mutanen garinmu Nomau suke ce masa. Ni ban taɓa kama sunan nan da bakina ba yana raye. Idan ya yi mini murmushi, sai in ji kamar an yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi.

Ba mu daɗe da aure ba wani tabo ya fito mini a dantse, fari-fari, ba ƙaiƙayi ba zafi. Daga baya ƙafafuna suka fara mutuwa, ta hagu ta fi. Wata rana da kaka ina ɗauke da dami na taka tushen kara da aka sare, ya shige tafin ƙafata, ban sani ba. Sai wata mata a bayana ta ce, "Kande, wa ya yanka kaza a hanyar nan?" Na waiwaya. Jinina ne.

Kuturta! Ko yanzu kalmar nan nauyi take yi mini a harshe.

An gwada sassaƙe, an gwada turare, an yanka wa iskokin gida baƙin akuya. Gyambon ya cinye nama ya kai ƙashi. Aka ware mini ƙwaryar shan ruwa. Matan da muke daka tare suka koma gaishe ni daga bayan danga. Maigidana ne ya ɗora ni a jaki ya kawo ni ɗakin shan magani na nan Dutsin-Ma, malamin wurin ya duba ya toshe hanci, ya tura mu asibitin kutare na mishan.

Likitar wurin Baturiya ce doguwa, Hausarta a karye amma ba ta ɓoye magana. Ita ta yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Da na farfaɗo ta tsaya a kaina ta ce, "Mun bar miki gwiwa. Ki riƙe ta da kyau. Mai gwiwa muna iya yi mata ƙafa ta yi daka, ta je rijiya. Idan wurin nan ya sake ruɓewa, sama za mu yanke, kuma ƙafar da muke iya yi wa wanda ba shi da gwiwa ba za ta kai ki ko bakin danga ba."

Na yi shekaru a can ina shan ƙananan ƙwayoyi farare, har cutar ta kwanta. A can na ji bishara, aka yi mini baftisma, aka ba ni sunan da kuka sani. A can kuma na koyi karatun boko, na kamu da son 'yan littattafan labarai da ake sayarwa a kasuwa. Duk wanda danginsa suka kawo masa ɗaya, sai na bi shi da roƙo. A cikinsu masoya suna rabuwa, su sha wuya, a ƙarshe su haɗu a gindin bishiya, macen kuma kyakkyawa, ba abin da ya ragu a jikinta. Ni ma haka nake so in koma.

Maigidana bai yashe ni ba. Duk bayan girbi yana zuwa, da gyaɗa a ƙulle da garin lalle. Lallen kuwa na ƙafa biyu yake kawowa, kullum. Ni kuma da na hango shi sai in ja zane in rufe dungun, wato guntun ƙafar da ya rage. Bai taɓa ganinsa ba, ban taɓa bari ba.

Danginsa sun matsa masa ya nemi wata, ya ƙi. Daga ƙarshe mahaifinsa, wanda nake ce wa Baba, ya yanke magana, maigidana ya kawo mini ita kansa a sunkuye. Baba ya ce mace mai jan gindi ba za ta zauna masa a gida ba. Amma idan na shigo da ƙafafuna, na gaishe shi yadda matan gida suke gaishe shi, to ɗakina yana nan.

A bayan asibitin akwai wata rumfa inda ake yin ƙafafu. Mai aikin sunansa Malam Bitrus, shi ma tsohon majinyaci ne, tun yana yaro yake wurin. Ya naɗe dunguna da ƙyalle mai farar ƙasa, ta daskare, ya zare ta a hankali, sai ga siffar ƙafata a hannunsa kamar ƙoƙo. Da ita ya auna ya fafe itace marar nauyi, ya yi ramin da dungun zai zauna. Maƙeri ya ƙera ƙarafa biyu masu gaɓa, ɗaya a kowane gefen gwiwa, baduku ya ɗinka rigar fata da ke kama cinya, da igiyar zagewa. A ƙasa kuma aka kafe baƙin takalmi sau-ciki da ƙusoshi, aka ba ni ɗan'uwansa don ƙafar dama.

Na koyi tafiya tsakanin gora biyu, ina faɗuwa ina tashi. Ranar da na sake su na taka ni kaɗai, na yi kuka har Malam Bitrus ya ce, "Rifkatu, a hankali, kada ki sa ƙarfen ya yi tsatsa."

Ranar sallama ya ba ni safa mai kauri da ɗan madubi. Ya ce, "Kowace yamma ki kwance ƙafar, ki duba dungun ta ko'ina, har bayan gwiwa. Sauran mutane zafi ne ke yi musu kashedi. Ke ba ki da shi. Madubin nan shi ne zafinki."

Motar kasuwa ta sauke ni a Kurfi, kuma 'yan'uwa, a gindin tsamiya na sami maigidana yana jira, kamar yadda na sha karantawa! Ya ga ina tahowa a tsaye, ya miƙe, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ranar na ɗauka wahalata ta ƙare.

Muka isa gida da la'asar. Baba yana zaune a ɗakinsa kan buzu, matan gida sun cika ƙofa. Na ɗaga labule na shiga. Sai na ga kowa ƙasa yake kallo.

Takalmi! Na shiga ɗakin surukina da takalmi.

Na dama yana ciruwa, amma na hagu a kafe yake, cire shi sai an cire ƙafar gaba ɗaya. Na yi sauri zan durƙusa, ƙafar ta lanƙwashe rabi ta cije. Bakin itacen ya tokare bayan gwiwata. Na tsaya a karkace, ban zauna ba ban miƙe ba, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya.

Baba ya ce, "Mi nike gani haka? Abin da suka koya miki ke nan, shigo ma mutane da takalmi? Ko Baturiya aka maido mamu?"

Wata a ƙofa ta ce, "Soja dai, Baba. Saura ta sara maka." Aka kwashe da dariya.

Maigidana ya ce, "Baba, ƙafar ce haka. Ba raini ba ne."

"Ni ban san ƙafa ba. Gidan ga ba a gaishe ni tsaye."

To ku duba inda na shiga. In na cire ƙafar na rarrafa, na zama mai jan gindi. In na bar ta, na zama marar kunya. Na je bayan ɗaki na yi ta gwaji, har na gano cewa idan na sassauta igiyar cinya, ƙafar tana zamewa kaɗan, in na danna da ƙarfi sai in kai ƙasa. Takalmin kuwa na naɗe shi da tsumma don kada ya taɓa tabarmar Baba. Haka na riƙa yi safe da yamma. Ga Baba, ga 'yan'uwansa, ga duk baƙon da ya girme ni. Kowane durƙuso bakin itacen yana shiga naman bayan gwiwata, ni kuwa ko cizon sauro ban ji ba.

Madubin kuma fuskata nake dubawa da shi. Ɗakinmu ɗaya ne, kuma na kasa kwance ƙafar a gaban maigidana. Ina so ya riƙa ganin yarinyar da ya aura. Da ƙafar nake kwana, da ita nake tashi. In zan yi wanka sai in zage ta da sauri a makewayi, ina kallon sama, in mayar.

Damina ta shigo. Na fara jin zazzaɓi da yamma, na ce na sauro ne. Na fara jin wari, na ce fatar ce ta sha ruwa.

Wata ranar kasuwar Kurfi muka je sayen gishiri da kanwa. Akwai wata Bafulatana mai nono, Hajjo, da muka saba tun kafin ciwona, ita kaɗai ce ba ta taɓa janye hannu ba in na miƙa mata. Ta hango ni ta ce, "Kande matar Nomau, an zama 'yan birni, ana tafiya ƙwas-ƙwas, ba a sayen kindirmo?" Na matsa kusa ina dariya. Sai na ga dariyarta ta ɗauke.

"Ke, tsaya. Ƙudan nan sun bar nonona suna bin zanenki." Ta sunkuya. "Subhanallahi! Kande, mi ke zuba a takalminki?"

Ta ƙwala wa maigidana kira. Suka kai ni bayan rumfuna. Ya durƙusa zai kama igiyar, na riƙe hannunsa na ce, "Don Allah, bari in je gida in yi da kaina." Bai ko dube ni ba. Ya zage igiyar, ya zare ƙafar. Safar ta manne, sai da ya ja.

Ba zan ɓoye muku ba. Bayan gwiwata ya zama rami, baki-ƙirin a gefe, mugunya tana kwarara, tsutsa tana motsi a ciki. Hajjo ta juya ta yi amai. Ni kuwa ba ramin nake kallo ba, fuskarsa nake kallo, ina jiran in ga ƙyama.

Ya ɗago, idanunsa jawur. Ya ce, "Kande, ni ƙafa na aura?"

Hajjo ta zubar da sauran nononta a ƙasa, ta ɗebo ruwa a ƙwaryarta ta miƙa masa. Ƙwaryar nononta, ga kuturwa! Allah ya saka mata, duk inda zuriyarta take. Ya wanke wurin da hannunsa, ya yage rigarsa ya ɗaure, ya goya ni a bayansa ya ratsa tsakiyar kasuwa zuwa inda mota take tsayawa. Maza suna ta magana, ga namiji ya goya mace a bainar jama'a. Bai waiwaya ba. Hajjo tana biye da mu, ƙafata a kanta inda ƙwarya take zama.

A asibiti Likita ta kankare ruɓaɓɓen naman, ta duba ta daɗe. Sannan ta ɗauki alƙalami ta ja shuɗin layi a cinyata, sama da gwiwa. Ta ce, "Za mu yi miki allurai, mu jira. Idan baƙin ya ci gaba da hawa, a nan za mu yanke."

Na kwanta ina kallon layin nan. Baƙin kuwa hawa yake. Zazzaɓi ya riƙa ɗauke ni yana maido ni. Maigidana ya zauna a bakin gadon har aikin gona ya tilasta masa komawa, don hatsi ya nuna, ba mai yanke masa. Da zai tafi ya ce, "Ko da gwiwa ko ba gwiwa, zan zo in ɗauke ki." Amma ni na san Baba.

Wata rana da tsakar rana, ɗakin ya yi zafi, ƙudaje suna kuka, na ji ma'aikaciyar jinya tana gaya wa abokiyarta a shirya kayan tiyata. Na san don ni ne. Na juya bango. Addu'ar da aka koya mana ta ɓace mini, sai na yi tawa.

Na ce, "Yesu, an gaya mini kai ka durƙusa a ƙasa ka wanke ƙafafun mutanenka. Ka san abin da gwiwa take yi. Na ba mutane tawa har ta ruɓe, ban ba ka ba ko sau ɗaya da dukan zuciyata. Ka bar mini ita. In ka bar mini, kai zan fara durƙusa wa. In kuma ba ka bari ba, ka riƙe ni, don ni na gaji."

Wata tsohuwa a gadon kusa, wadda cutar ta cinye wa yatsu duka, ta ce, "Amin, 'yar nan. Amin."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Barci ne kawai ya ɗauke ni, irin wanda rabona da shi tun ina gidanmu. Washegari Likita ta buɗe ɗaurin, ta ce a dakata tukuna. Bayan kwanaki baƙin ya tsaya. Jan nama ya fara fitowa daga ƙasan ramin, kamar tsiron gero. Ran nan ta zo da auduga, ta goge shuɗin layin daga cinyata.

Haleluya! 'Yan'uwa, ku ce Haleluya! Ga gwiwar nan, ku dube ta!

Malam Bitrus ya zo da tsohuwar ƙafar a hannu, yana shafa bakin itacen inda jini ya rina. Na ba shi labarin ɗakin Baba. Da na gama ya ce, "Fasalin ƙafar da muke kwaikwayo daga ƙasar masu zama a kujera ya zo. Ni kuma na tsufa a asibiti, na manta da ƙofar ɗakin suruki. Na yi miki ƙafar tafiya, ban yi miki ta gaisuwa ba."

Shi da Likita suka sa mata masu lafiya suna durƙusawa a gabansu, suna duba yadda nama yake taruwa a bayan gwiwa, matan suna ta dariya. Ya rage bakin itacen ta baya, ya lulluɓe shi da fatar akuya mai taushi. Maƙeri ya sake gaɓoɓin ƙarfen don su naɗe sosai. Na farko ya karye, na biyu yana matse fata, aka sake. Ya sassaƙa tafin ƙafa har da yatsu, ya bar tsaga tsakanin babban yatsa da na biye, yadda takalmin taya zai shiga ya fita. Aikin ya ci rani, ya shiga bazara, don sai wurin ya warke sarai kafin a ɗora masa nauyi. Ni kuwa har na tanadi lallen da maigidana ya kawo. Na ce wannan karon ƙafa biyu zan sa wa, har ta itacen.

Bazarar nan sanƙarau ya shiga ƙauyukanmu.

Ƙanen maigidana ne ya zo. Da na ga ya zauna nesa, ya ƙi kallon idona, na sani. Ya ce wuyan maigidana ya sanƙare da safe, kafin rana ta biyu ta faɗi ya cika. Ya ce ruwa yake ta nema, da sunana.

Ya Allah! Na tambayi Ubangiji, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce ka bar mini gwiwa ka ɗauke wanda zan taka in je wurinsa? Ban samu amsa ba a lokacin. Har yau ma ban samu dukanta ba.

Da aka gama ƙafar, na ɗaura ta a rumfar Malam Bitrus. Kafin in taka ko'ina na durƙusa a cikin garin katako na cika alkawarina, ina kuka. Sannan na nemi mota zuwa Kurfi, in yi gaisuwar mutuwa. Ba kowa a gindin tsamiya.

Gidan ya yi shiru, cutar ta ɗauki mutane da dama. Baba yana kan buzunsa, ya rame, idanunsa sun dushe. Na tsaya a ƙofa na zare takalmin dama, na zare na hagu, suka faɗi ƙasa.

Ya ce, "Wa ke nan?"

Na shiga. Ƙarfen ya yi ƙara, ya naɗe, na kai ƙasa a gabansa. Na ce, "Baba, ni ce Kande. Ya haƙuri?"

Ya miƙo hannu yana lalube, ya taɓa yatsun itacen, ya bi ƙarfen har gwiwata. Ya ce, "Da na bar ki kin gaishe ni tsaye, da kina nan kin ba shi ruwa." Sai ya fashe da kuka irin na yara. Da ya lafa ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ɗakinki na nan. Kada ki ƙara durƙusa mani."

Na zauna a gidan na yi jinyarsa har ya rasu, kafin in dawo nan cikinku. Bai karɓi bangaskiyata ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma kowace yamma idan rana ta yi sanyi, shi ne mai kira daga ɗakinsa, "Kande, kin duba madubin?"

An sake mini ƙafa sau da dama tun daga lokacin, gwiwar kuwa ita ce dai wadda na roƙa. Na gode wa Yesu da ya bar mini ita. Na gode masa don Likita da Malam Bitrus, don Hajjo da ƙwaryarta, don mutumin da ya ga abin da nake ɓoyewa ya wanke shi da hannunsa.

Ke da kike zaune a nan da ciwo a ƙarƙashin zane, na jiki ko na zuciya, kai da kake cewa ba ya zafi, don Allah ku kwance shi a gaban Ubangiji tun bai kai ƙashi ba. Ba ya ƙyama. Ku dogara gare shi ko da abin da ya bar muku bai kai abin da ya tafi ba. Ni da gwiwa ɗaya mai rauni ya riƙe ni har tsufa.

Yanzu ku ba ni wuri, zan durƙusa mu yi masa godiya tare. Kada ƙarar ƙarfen ta dame ku. Cikin sunan Yesu, Amin.